Abin da Mudi Ya Ce Kada In Fassara

Kwanakin baya yaran gidanmu suka zo mini da waya, suna nuna mini wani Bature ya kwantar da mutum a kan gado, ya murɗa masa wuya, aka ji ƙas, mutumin ya tashi yana dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce ashe wannan ne aikin da na daɗe ina yi a Riyad, ai shi ma zai iya, in ba shi mako guda kawai. Wani kuma ya tambaye ni, in dai gyaran nan gaskiya ne, me ya sa ni da na kwana na tashi a cikinsa nake shan maganin hawan jini. Tambaya ta biyu ta fi ta farko hankali, kuma ita nake so in amsa, amma sai na bi ta kan ta farkon.

Mahaifina maɗori ne a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: karan ɗori da ya fiƙe da hannunsa, tsumma mai tsabta, man shanu a ɗan ƙoƙo. Na daɗe a gabansa ban yi komai ba sai riƙe ƙafar mai karaya, shi yana ja, ni ina hana ta motsi. In na gaji na sassauta, kallona kawai yake yi. Bayan rasuwarsa na shiga duniya. Na yi tausa a gidan wanka a Ɗarabulus, na zauna da wani maɗori a Umdurman wanda su suke kira basir, na yi aikin goge-goge a wani asibitin ƙashi a Alƙahira inda na fara ganin hoton ƙashi a jikin fitila. A hanya na tsinci Larabci kala biyu ko uku, da Faransanci na kasuwa, da Turancin da zai fisshe ni. Abin da na lura da shi a duk wuraren nan shi ne, kowace ƙasa tana da mai taɓa ƙashi, kuma a kowace ƙasa mutane suna ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

A Riyad na samu aiki a wani ɗan asibiti da ke Suwaidi, a saman shagon masu labule. Likitan wurin, Dakta Usama, Basudane ne da ya yi karatun gyaran ƙashin baya da hannu a Kanada. Turawa suna da dogon suna da suke kiran wannan aiki da shi, amma mutanenmu Hausawa na unguwar Manfuha ƙas-ƙas suke cewa, kowa ya gane. Ni ba ni da lasisin gyara kowa, kuma ban taɓa yi ba. Aikina shi ne in shimfiɗa takarda a kan gado, in ɗumama tawul, in yi wa mutum tausa har naman bayansa ya saki, sannan in tsaya tsakaninsa da likita in fassara. Dakta yana ce mini ya Hajj, ni ina ce masa Dakta, muka yi shekaru a haka ba wanda ya ji kanmu.

Gadon aikin shi ne abin da ya fara ba ni mamaki. Gunduwa-gunduwa yake, kowace gunduwa tana ɗagawa kaɗan, in likita ya danna sai ta faɗa ƙasa da ƙara. Sabon zuwa in ya ji ƙarar sai ya zaci ƙashinsa ne ya karye. Akwai wata ’yar na’ura mai sifirin da ake ɗosa wa tsofaffi maimakon hannu. Akwai kuma ƙashin bayan roba da ke rataye kusa da taga, wanda Dakta yake nuna wa mutane inda ciwonsu yake. Ni na sa masa suna Marigayi. Hausawa ba sa son zama kusa da shi, sai su ja kujera gefe suna a’uziyya ƙasa-ƙasa.

Ƙarar nan ta ƙas da yara suke sha’awa ita ce mafi ƙanƙantar abu a aikin. Ba ƙashi ne yake komawa mazauninsa ba, iska ce a cikin gaɓa, irin wadda kuke ji in kun lanƙwasa yatsu. Aikin yana cikin abin da ake yi kafin a kai ga nan. Dakta kan sa mutum ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa. Yakan tambaye shi barcinsa, da fitsarinsa, da ko ya rame. Yakan bi ƙashin bayan da yatsa gaɓa bayan gaɓa, a hankali, kamar mai jan carbi. Sau da yawa abin da yake nema shi ne dalilin da zai hana shi taɓa mutum. Wannan ba ya fitowa a waya, don ba mai son kallon likita yana tambayar mutum fitsarinsa.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ’yan ƙasa ma’aikatan ofis da wuyansu ya sage, da ’yan Pakistan masu shimfiɗa tayil, da ma’aikatan jinya ’yan Filifin da ɗaga marasa lafiya ya kashe musu ƙugu. Bamisire in ka tambaye shi ina ke ciwo, sai ya ɗauko maka labari tun daga kakansa. Mutumin Filifin zai nuna wurin da yatsa ɗaya ya yi shiru. Namu kuwa, ko rarrafe ya shigo da shi, in ka ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Sai ka zauna ka yi ta lallaɓa shi kamar mai ciro ƙaya.

Yawancinsu suna samun sauƙi, wannan ba na shakka. Mutum ya shigo a karkace ya fita a miƙe, na gani da idona ba adadi. Amma sai ya koma ɗakin da ya fito, ya kwanta a yaloluwar katifa, na’urar sanyaya ɗaki tana hura masa a gadon baya har asuba, ya tashi ya zauna a kujerar mota wuni guda, ya ci kabsa, shinkafa da nama irin tasu, da dare ya bi ta da shayi mai sukari kamar zuma. In ciwo ya dawo sai ya zo yana mana kallon waɗanda suka ci amana. Wani ɗalibi ɗan Nijar ya taɓa hawo mana bene da mura, yana tambaya da Larabcinsa na littafi yadda aka yi mura ta kama shi alhali an daidaita masa baya shekaranjiya. Wani ɗan kasuwa kuma ya ce tun da ya fara zuwa jikinsa ya yi daɗi, don haka ya ajiye ƙwayar ciwon sukari. Ranar ce kaɗai na ga Dakta ya ɗaga murya. Ya ce in gaya masa da Hausa, kada in rage ko kalma, cewa shi bai taɓa gyara sukarin kowa ba, kuma in bai koma kan maganinsa ba kada ya sake tako masa bene. Akwai masu wannan sana’a da ke cewa gyaran baya yana kore kowace cuta. Na ji su a Jidda, na ji su a waya. Dakta yakan ce baya ɗaki ɗaya ne a cikin gida, share shi ba ya hana rufin wani ɗakin yoyo.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda aka matsa binciken iƙama, wato takardar izinin zama. Mutane suka daina fita in ba dole ba. Har masu cikakkun takardu tsoro ya kama su, don kullum da labarin wanda aka ɗauke. Sai mu wuni ni da Dakta da Marigayi muna kallon juna. A cikin wannan shekarar Mudi ya fara zuwa.

Mudi Bakatsine ne daga wajen Malumfashi, direban wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Shi ke kai yaran gidan makaranta ya ɗauko su, a ƙarshen mako kuma ya kai maigidan wajen gari shan iska. Dogo ne, mai fara’a, mai son tsokana. Ranar farko da ya ji ni Bahaɗeje ne sai ya ce a canza masa mai tausa, shi ba zai ba bawansa bayansa ba. Na ce ya kwanta kawai, ai Bakatsine ko bayansa ya karye ba zai yarda ya sunkuya ba, girman kai ne zai riƙe shi. Daga ranar muka ƙulla. Ya ce mini yana da ’ya a makarantar koyon jinya a Katsina, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai bar ƙasar nan ba sai ta gama.

Ciwonsa a ƙugu yake, ƙasa-ƙasa. Dakta ya yi masa tambayoyin da ya saba yi, na fassara. Zazzaɓi? Babu. Zufa da dare? Babu. Rama? Ya ce shi haka Allah ya yi shi. Hoton ƙashin da aka ɗauka bai nuna wani abu ba sai gajiya irin ta direbobi. Aka fara aiki. In an gama sai ya tashi ya ce ya ji kamar an sauke masa buhu. Bayan kwana kaɗan ya dawo da ciwon yadda yake, ko ma fiye. Dakta ya fara ɓata fuska, ya ce wannan bayan ba ya amsawa yadda ya kamata, ya sake jero tambayoyin. Mudi ya sake cewa babu. Kullum da safe yake zuwa, bayan ya ajiye yara, kuma bai taɓa yarda a sa masa wani lokaci ba.

Wata rana uwargidan da yake wa aiki ta riƙe shi a kasuwa, bai iso ba sai bayan la’asar. Na sa masa hannu don in fara tausa, na ji bayan kamar an fito da shi daga tanda. Kafin in gama kafaɗa ɗaya takardar gadon ta jiƙe ta manne masa a ƙirji. Na kira Dakta. Ya zo ya taɓa, ya ɗan ƙwanƙwasa wata gaɓa a ƙugun da yatsa biyu, Mudi ya zabura har ya kusa faɗowa. Dakta ya ja da baya ya mai da hannuwansa biyu bayansa. Ya ce in tambaye shi tun yaushe.

Mudi ya tashi zaune, ya yafa tawul, bai kalli likita ba, ni ya kalla.

“Baba, zan gaya maka, amma kada ka fassara masa.”

Na ce ya faɗa mu ji. Ya ce tun kafin ya fara zuwa wurinmu zazzaɓi ke rufe shi kowace yamma, ya kwana yana zufa, da safe ya sake shi. In zai zo sai ya haɗiyi fanadol tun a mota. Ya ce wani da suke ɗaki ɗaya a Manfuha haka ya fara, rama da zufa, ya je asibiti aka ce tarin fuka ne, aka yi masa magani aka sa shi a jirgi. Shi kuma ya ji an ce tarin fuka yana shiga ƙashin baya. Ya ce yana da katin asibiti da maigidansa ya yi masa, bai taɓa fitar da shi daga aljihu ba, don da zarar an ɗebi jininka komai ya hau kan lambar iƙamarka.

“Shi ya sa na zaɓe ku,” ya ce. “Ku ba ku ɗibar jini.”

Na ce masa, “Mudi, ɗana, zan fassara. Gara ka ji haushina da ƙafafunka.”

Na juya na gaya wa Dakta komai. Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna daidai da Mudi, ya ce shi bai san abin da ke cikin ƙashin nan ba, amma ya san akwai cuta a ciki, kuma in ya ci gaba da danna shi zai iya gurgunta shi. Ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, mai yiwuwa abin da yake tsoro ne, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban, gwaji ne kaɗai zai raba. Daga yau dai hannunsa ba zai sake taɓa shi ba sai ya je an yi gwajin. Mudi ya sa rigarsa, ya ce ya gode, ya sauka bai yi mini sallama ba.

Na daina ganinsa. Labari ya zo mini cewa ya koma wurin wani mai aski da ke murɗa wa mutane baya a bayan shagonsa, an kuma yi masa ƙaho har sau biyu. Wata Juma’a bayan an sauko masallaci na nemi ɗakinsu a Manfuha, a wani tsohon gida da ke bayan masu gasa burodi. Na same shi a kan katifa, ya jingina da bango, ya ƙara ramewa. Abokan ɗakinsa suka ce a zaune yake salla yanzu. Ya amsa sallamata a daƙile, ya ce ashe ’yan Haɗeja ma suna zumunci. Na ce na zo ganin gadon da zan ci ne. Ya yi ’yar dariya, dariyar ta taɓa masa ƙugu ya cije leɓe.

Da ya tashi zai kawo mini ruwa na ga yana jan ƙafar dama. Na tambaye shi, ya ce takan yi masa nauyi, wani lokaci kamar ba tasa ba. Na ce da wace ƙafa yake taka birki. Ya ajiye mini ruwan ya koma kan katifa. Na ce kullum da safe yaran mutane yake ɗauka a bayan mota, su ba su san komai ba, iyayensu ma ba su sani ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Can ya ce in zo in raka shi asibiti ranar Lahadi.

Da na je ɗaukarsa na tarar ya gama sallama da Riyad. Ya ɗaure akwatinsa. Ya ba wani tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ya ba wani fanka, bargonsa mai kauri ya ba wani mai gadi da ke ƙasa, har takalmansa na Juma’a ya bayar. Ya bi ɗaki-ɗaki yana neman gafara. A mota ya ce bai san yadda zai gaya wa ’yarsa ba.

Likitar da ta duba shi wata yarinya ce ’yar ƙasar, ba za ta girmi ’yarsa da yawa ba. Ta saurari labarin zazzaɓin yamma da zufar da ciwon ƙugu, sai ta tambaya ko yana shan nonon da ba a dafa ba. Nan Mudi ya ɗan samu kuzari. Ya ce sosai ma. In ya kai maigidansa wajen gari, akwai wasu Buzaye makiyayan raƙuma da suka zama abokansa, sukan tatsa masa a kwano da ɗuminsa da kumfarsa, ya sha da dabino. Ya ce an gaya masa ba abin da ke ƙarfafa ƙashi kamarsa, don haka tun da bayan ya fara ciwo ya ƙara yawan sha, har yana cika gora ya taho da ita gida. Likitar ta ajiye alƙalaminta ta dube ni, ni ma na dube ta.

Gwaji ya nuna cutar da Larabawa ke kira zazzaɓin Malta ce, wadda ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabba, kuma ta riga ta zauna masa a gaɓar ƙugu. Ba tarin fuka ba ne, ba kuma cutar da ake korar mutum saboda ita ba ce. Da na fassara masa sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in tambaye ta ko ta tabbata. Daga nan ya rufe fuska da hularsa, muka bar shi ya gama.

Jinyar ta yi tsawo, watanni ana shan ƙwayoyi, da allurai a farko. Likitar ta ce da ya zo da wuri da abin bai kai ƙashi haka ba. Ƙafar ta dawo, amma ƙugun bai koma yadda yake ba, doguwar tafiya ta fi ƙarfinsa har yau. Maigidan ya yi masa kara, ya samo wanda ya riƙe motar kafin ya warke, daga baya ya bar masa kai yara makaranta kawai. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne karɓo kayansa. Fanka ta dawo, takalma suka dawo. Mai gadi ya ce bargon ya riga ya aika da shi gida. Wanda ya karɓi tukunyar shinkafa kuwa ya ce kyauta aka ba shi a gaban shaidu, kuma shi bai ce Mudi ya warke ba. Sai da aka yi sulhu a kan tukunyar ta zauna a tsakiyar ɗaki, kowa ya dafa.

To, ga amsar mai tambayata ta biyu. Mutum yana zuwa gyaran baya ya ci gaba da ciwo, wani don abin da ke damunsa ba a baya yake ba, wani don ya koma kan abin da ya jawo masa ciwon, wani kuma don da ma ɓuya ya zo yi a wurinmu. Hannu yana da iyaka, kuma ba ya jin abin da aka ɓoye masa.

Bayan an sallame shi daga magani, an kuma sabunta masa iƙama, Mudi ya sake hawo mana bene da takarda daga likitarsa, wadda ta yarda a yi masa tausa da motsa jiki, ban da danna ƙugu. Da yamma ya zo, da gangan. Ya gaishe ni da bawan Katsinawa, ya zauna a bakin gado. Dakta ya tambaye shi, kamar yadda ya saba, ko akwai wani abu da ya kamata ya sani.

Mudi ya gyara zama. Ya ce shekaranjiya ya yi atishawa da safe. Haƙorinsa na can ƙurya yana masa tsami in ya sha ruwan sanyi. Idonsa na hagu yana rawa tun Laraba. Cikinsa ya yi ƙugi bayan ya ci wake. Akwai wani ƙaiƙayi a tsakanin yatsun ƙafarsa, yana tafiya yana dawowa. Ya yi mafarki ma, in ana bukata.

Dakta ya dube ni ya ce, “Ya Hajj, duk wannan sai ka fassara?”

Na ce duka. Na ja kujera na zauna, na fara daga atishawa.